Kantar Kafaɗar Kawu

Aikin da na fara samu a Abuja bayan bautar ƙasa na tafinta ne, a wani kamfanin gine-gine da ke tayar da benaye can bayan Jabi. Shekarun nan ne da kuɗi suka yi wa garin yawa. Duk inda ka waiga ana haƙa ko ana zuba kankare, wanda ka bari bara yana tallar katin waya bana sai ka gan shi da takardar fili a hammata. Ni dai Turanci ne ya kai ni. Na karanta shi a jami'a, ga ni kuma da baki, wanda mahaifiyata kan ce da ana sayar da shi da tuni mun bar gidan haya. Aka ba ni tebur a cikin wata kwantena mai sanyi kusa da get, nan ne ofishin tsaro. Aikina in tsaya tsakanin shugaban tsaro da leburori masu neman aiki, in juya maganarsa zuwa Hausa, in juya tasu zuwa Turanci, in cike fom.

Shugaban tsaron Bature ne, tsohon soja. Ya yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan kafin ya gano cewa gadin siminti ya fi albashi, kuma siminti ba ya harbi. Oga muke ce masa. Ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa tsakanina da Allah. Ba ya tauye haƙƙin lebura, kuma ranar da wani birkila ya faɗo daga bene, a motarsa ya kai shi asibiti, jini duk ya ɓata kujera bai ce uffan ba. Sai dai bai taɓa zama ya ba ƙofa baya ba, kuma akwai wata kalma da ba ta barin bakinsa, wato muj. Sojojinsu ne suka gutsure ta daga mujahid, da ita suke kiran masu yaƙin sunƙuru a can inda ya baro.

Ba shi kaɗai ba ne. Turawan kamfanin nan kowa ya zo da yaƙinsa a baki. Makanikin manyan motoci, wani tsoho ɗan Rasha mai haƙorin ƙarfe, shi dushman yake cewa, tun zamanin da aka tura shi duwatsun Afganistan yana saurayi. Akwai wani injiniya Bafaranshe da bai ma taɓa sa kaki ba, babansa ne ya yi soja a Aljeriya, shi kuma ya gaji felaga kamar yadda ake gadon gona. Samari biyu 'yan Amurka da suka zo kafa kyamarori ba su wahalar da kansu da tantancewa, duk namiji Musulmi haji ne a wurinsu, kuma ba don girmamawa ba. Sojojinmu na shingen hanya "yaran nan" suke cewa. Su kuwa waɗanda abin ya koro daga gidajensu ba sa kama suna sam, sai su rage murya su ce mutanen daji.

Ni da iyayi, har ƙaramin littafi na saya ina rubuta kalmomin nan, wai ni mai nazarin harsuna. Ban tsaya nan ba, na fara ara. Ƙanena ya bar gemu na ce masa ya fara zama muj, muka yi ta dariya. Allah ya yafe mini.

Oga yana da tsarinsa na ɗaukar lebura. In mutum ya shigo, bayan tambayar suna da gari, sai ya ce ya cire riga, ya zagaya bayansa ya duba kafaɗa. Ya taɓa yi mini bayani cewa igiyar bindiga tana barin shaida a jikin wanda ya daɗe yana rataya ta, gindinta kuma yana dukan gaban kafaɗa in ana harbi. In ya ga abin da bai kwanta masa ba, ba ya ɗaga murya. Kalmar nan tasa kawai zai furta, ni kuma in ɗauki jan biro in sa alama a kusurwar fom. Da farko jar alama ba ta wuce a ce wa mutum babu aiki ba. Amma bayan bam ya tashi a wata tasha a gefen gari, sai aka sauya doka. Duk wanda ya samu jar alama za a zaunar da shi a wani benci a bayan kwantena, Oga ya buga waya, motar jami'an tsaro ta zo ta tafi da shi. Mutum biyu aka tafi da su a gabana. Ɗaya ya dawo bayan wata biyar, ya rame kamar kara, ya zo karɓar takalminsa da ya bari. Ɗayan ban san ƙarshensa ba har yau, kuma hannuna ne ya sa alamar.

Shugaban masu gadi wani dattijo ne Kirista daga Filato, muna ce masa Baba Saje. Ya yi shekara talatin da wani abu a soja, ya je Laberiya, ya je Darfur, ya yi ritaya da igiya uku da ciwon gwiwa. Ba ma shiri da shi. Haushinsa nake ji saboda yadda yake ƙamewa gaban Oga, kome aka ce sai "Yes sa", ko da an ce rana daga yamma ta fito. A bayan idonsa Baba Yessa nake kiransa. Shi kuma yana ganin ni yarinya ce marar ta-ido, kuma bai yi ƙarya ba. Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk "ka" ne, in na gyara masa sai ya ce ai na dai gane.

A damunar shekarar aka kashe masa ɗa. Yaron soja ne shi ma, aka yi musu kwanton ɓauna a arewa maso gabas. Muka cika mota muka je masa gaisuwa. Bayan mako guda ya dawo aiki, takalmi na sheƙi, kaki ya sha guga, sai dai waƙar cocin da yake yi ƙasa-ƙasa in yana buɗe get da safe ba mu sake jin ta ba. Garin da aka kashe ɗan nasa bai fi tafiyar wuni a ƙafa ba da garin su mahaifiyata.

Daga can ɗin Kawu ya taho. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita aure ya kawo ta Kaduna tun tana yarinya, shi ya zauna a gida, a wani gari da ke jingine da dutse. Rijiyoyin garin suna ƙasa, gidaje suna sama, hanyar kuwa duwatsu ne da ba abin da ke hawa sai ƙafa da jaki. Kawu ɗan ga-ruwa ne, irin na da: sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, ɗaya gaba ɗaya baya. Shekara ashirin da biyar yana wannan hawa da sauka, da shi ya yi aure, da shi ya gina ɗaki uku. Da mutanen daji suka shiga garin, ya kwashi matarsa da 'ya'ya huɗu suka bi dutse, suka yi kwanaki suna tafiya, daga mota zuwa mota har Allah ya jefo su Kuchigoro a gefen Abuja, cikin wata bukka ta buhu da leda.

Na riƙa kai musu shinkafa da mai duk ƙarshen wata. Yana karɓa yana sa albarka, amma ba ya kallona. Ran nan ya raka ni bakin titi ya ce zaman nan zai kashe shi kafin yunwa, in akwai ko ɗaukar yashi ne a wurin aikina in sa shi a layi. Na ce to. Na ja masa kunne cewa kada ya nuna ya san ni, don Oga ba ya sakin jiki da duk wanda ke da dangi a can, ni kuwa ban taɓa faɗa masa inda uwata ta fito ba. Na yi lissafin kome, har amsoshin da zai bayar na koya masa. Kafaɗarsa ce kaɗai ba ta zo mini a rai ba. Ina zan taɓa ganin kawuna ba riga?

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, an yi ruwa da asuba filin duk taɓo. Kawu shi ne na bakwai a layi. Ya shigo da sallama, ga gemu ya yi furfura, ga wando da aka ba shi a kayan agaji ya tsaya masa a ƙwauri. Na ga Oga ya kalli gemun ya kalli wandon. Aka tambayi gari, Kawu ya faɗa, Oga ya ajiye kofin shayinsa. Sai ya ce a cire riga.

Ni ce zan faɗa. Na juya fuskata ga bango na ce, "Baba, wai a cire riga." Sai na ji motsin yadi. Can Oga ya yi wani ɗan fito, irin na wanda ya daɗe yana farauta ya ga nama. Dole na waiwaya. Kafaɗun Kawu biyu duk kanta ce, baƙa ƙirin, mai kauri kamar tafin ƙafa, ta ratsa ta dokin wuya ta haɗe da 'yar'uwarta, ko gashi babu a wurin. Oga ya danna ta da yatsa. Ya furta kalmarsa, ya ƙara da cewa wannan ma babba ne, ya ce in sa alama.

Jan biron yana hannuna ban sa ba. Na ce masa mutumin nan mai sayar da ruwa ne, kantar sandar ruwa ce. Ya girgiza kai ya ce kullum da safe yana ganin masu ruwa a hanyar Gwarinpa, kura suke turawa da jarkoki, kantarsu a tafin hannu take. Kuma gaskiyarsa, a Abuja ban taɓa ganin ɗan ga-ruwa mai sanda ba. Da mai hankali ce ni da na bi shi a sannu. Amma zuciya ta riga ta hau. Na ɗaga murya, na ce masa nan ba Kandahar ba ne, na ce ya zo ƙasar mutane bai san kome ba yana aika bayin Allah inda ba a dawowa. Duk wannan a gaban masu gadi biyu da Bafaranshen nan, da ya shigo karɓar makulli. Wuyan Oga ya yi ja har kunne. Ya tambaye ni a hankali yadda aka yi na san sana'ar mutumin da ba a riga an tambaye shi sana'a ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki wayarsa.

Kawu yana tsaye ya rungume rigarsa a ƙirji, yana kallona yana kallon Oga, yana ɗan murmushin nan na baƙo da ba ya jin yaren da ake yi. Tsoro irin na lokacin ban taɓa jinsa ba. Na hango kaina ina shiga bukkar nan ta Kuchigoro ina faɗa wa matarsa cewa ni na kai shi, sannan in buga wa uwata waya.

Baba Saje yana bakin ƙofa tun ɗazu, ban lura ba. Da na gan shi sai gabana ya ƙara faɗuwa, don in akwai wanda ke da dalilin ya ga an tafi da duk mai gemun da ya fito daga yankin nan, shi ne. Ya shigo ya buga ƙafa ya sara wa Oga. Ko kallona bai yi ba, amma da zai wuce ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka rufe bakinka, 'yata. Ka riga ka ɓata rabi."

Sai ya fara da Turancinsa na barikin soja. Ya ce Oga ya yi gaskiya, shi a duk shekarunsa bai taɓa ganin shaida mai girman wannan ba, lallai ido irin na Oga ne kawai zai kama ta. Na ji kamar in shaƙe shi. Ya ci gaba da cewa tunda Oga ne ya koya musu kada a rubuta rahoto sai an gwada kome, yana neman izinin minti goma ya yi wani ɗan gwaji, don kada jami'an su zo su ce kamfani ya ƙona musu mai a banza. In gwajin bai nuna kome ba, shi da kansa zai zaunar da mutumin a benci. Oga ya dube shi, ya dubi agogo, ya ajiye wayar a kan tebur, amma bai ɗauke hannunsa daga kanta ba. Ya ce minti goma.

Muka fita fili. Baba Saje ya je wurin tarin gorar da ake kafa matakala da ita ya zaro ɗaya, ya samo bokitan fenti biyu manya da igiya, ya ɗaura, ya sa aka cika su fal a tankin ruwa. Ya ce in faɗa wa Kawu ya kai ruwan nan hawa na farko na benen da ake ginawa, ya dawo da shi. Wani lebura ya tsinko ganye zai jefa a saman ruwan don kada ya yi tambal-tambal. Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce ganye na 'yan koyo ne.

Ya ajiye rigarsa a kan bulo, ya yi bisimilla, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin gorar. Ta zauna a kan kantar nan daidai wa daida, kamar ƙafa a tsohon takalmi. Ya miƙe, ya ɗan girgiza ya ji nauyin, sai ya kama wata tafiya da ban taɓa gani ba, ba gudu ba, ba tafiya ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gorar na lotsawa tana tashi, bokitan na bin takunsa. Ya ratsa taɓon nan bai zame ba. Ya hau katakan da aka jingina wa benen, waɗanda matasa ma sai sun dafa suke hawa. A tsakiyar hawan, ba tare da ya tsaya ba, ya murza gorar ta bi ta dokin wuyansa ta koma ɗaya kafaɗar. Da ya isa sama, ko sabo ne ya motsa, sai muka ji ya ja murya ya ce, "Ga ruwa!" Birkiloli suka ajiye cokulansu, masu kwaɓa siminti suka jingina shebur, aka yi ta tafi da sowa. Ya juyo ya sauko ya dire bokitan a gaban Oga. Ruwan yana nan a bakinsu inda aka cika shi.

Ni na ɗauka an gama. Ashe nan ne wurin ya fi haɗari. Leburori sun fi hamsin, duk sun zuba wa Oga ido, labari kuma ya riga ya zaga cewa ya kira tsohon nan ɗan daji. Fuskarsa ta ɗaure tamau, wayar tana hannunsa, ya fito da ita. Mutum irinsa in aka kunyata shi a bainar jama'a zai iya cewa ɗaukar ruwa ba ta hana ɗaukar bindiga, ya buga wayarsa, kuma ba mai hana shi. Ni kuwa har na buɗe baki zan ce masa ya gani ko. Wani nauyi ya sauka a kan yatsun ƙafata. Takalmin Baba Saje ne, kuma bai taka da wasa ba.

Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, tsohon soja da ya ɗauki akwatin harsashi a dajin Laberiya ba zai tsaya ana yi wa farar hula tafi a kan bokiti biyu ba. Ya tura hularsa ƙeya, ya shiga ƙarƙashin gorar, ya miƙe da nishi. Taku ɗaya, biyu, a na uku bokitin gaba ya daki gwiwarsa, na baya ya zagayo ya same shi a ƙugu, ya yi wata rawa da ba kiɗa, sai ga Baba Saje zaune daɓas a cikin taɓo, ruwan bokiti guda ya juye masa daga wuya har cikin takalmi. Kakin nan mai guga ya manne masa a jiki. Filin ya kece da dariya. Bafaranshen har da riƙe ciki. Na saci kallon Oga, na ga yana ta cije leɓe, can dai ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari.

Baba Saje ya miƙe yana ɗiga, ya ƙame, ya sara, ya ba da rahoto kamar a fareti. Ya ce gwaji ya nuna mutumin bai da amfani wajen bindiga, shi kansa kuma bai da amfani wajen ruwa. Ya ƙara da cewa ya tuna Oga ya yi ƙorafi makon jiya a kan bulon hawa na sama da ke tsagewa don famfo bai kai can ba. Oga ya share hawaye, ya jefa wayar a aljihu, ya ce ai abin da yake tunani ke nan tun ɗazu, a ba tsohon ban-ruwan bulo. Muka koma kwantena ya yage fom ɗin farko, na cike sabo. A layin mai tsaya wa ma'aikaci, wanda in wani abu ya faru shi za a fara kamawa, Baba Saje ya karɓi biro ya sa hannu da jiƙaƙƙen hannunsa.

Da azahar na same shi a ɗakin masu gadi ya shanya kakinsa a taga, yana zaune da singileti yana cin gyaɗa. Na durƙusa har ƙasa, abin da ban taɓa yi masa ba. Kafin in yi magana ya ce ya san kawuna ne, ya gan ni da sassafe a bayan tanki na rusuna ina gaishe shi, yarinyar da ko manajan kamfani ba ta rusuna wa. Ya ce soja ba ya kayar da ofisa a gaban jama'a, in kana son ya juya sai ka buɗe masa ƙofa ka yi kamar ba ka ga ya bi ta ba. Na fara kuka, na ce masa na ɗauka saboda ɗansa ba zai tanka ba. Ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa.

"Waɗanda suka kashe mini yaro su ne suka kori wannan daga gidansa," ya ce. "Ka tashi. Kuma kada ka faɗa masa abin da aka so yi. Ka bar shi ya ɗauka jarrabawar aiki ce."

Haka kuwa Kawu ya ɗauka. A motar da muka shiga zuwa Kuchigoro da yamma bai bar kowa ya huta ba, har kwandasta sai da ya ji yadda Bature ya gwada shi bai zubar da ko ɗigo ba. Shekara biyu ya yi yana ban-ruwan bulo, ya kama ɗaki na bulo shi ma, ya mai da yara makaranta. Kullum da safe in zai shiga get sai ya tsaya ya ce wa Baba Saje, "Soja, yau za a sake gwadawa ne?" Shi kuma ya ƙame ya sara masa, masu gadi su yi dariya. Wani lokaci Kawu har kwaikwayon faɗuwar yake yi. Abin yana ci mini rai, in ga mutum yana tsokanar wanda ya fanshe shi, amma na yi alkawari. Oga bai daina faɗin kalmarsa ba har ya bar ƙasar, sai dai daga ranar ba ya ɗaukar waya sai ya kira Baba Saje ya duba, kuma ba a sake zaunar da kowa a bencin nan ba. Ni ma ban sake ce wa dattijon nan Baba Yessa ba, ko a zuci.

Da hanya ta buɗe Kawu ya koma gida. Ni na samu aiki a wata ma'aikata, na yi aure, amma duk Kirsimeti ina kai wa Baba Saje shinkafa da kaza, shi kuma da Sallah ya zo ya ci nama ya yi wa mijina labarin Laberiya. Bara ciwon gwiwar nan ya haɗu da na zuciya, ya kwanta mako uku ya rasu. Na je jana'izarsa a ƙauyensu, wani gari shi ma a kan dutse.

Bayan wata biyu na kai mahaifiyata ganin gida. Muka tarar da Kawu ya tsufa, ya bar ɗaukar ruwa, yana zaune a ƙofar gida jikoki sun kewaye shi. Da ya gan ni sai ya ɗauko labarin nan, ya miƙe da ƙyar yana nuna musu yadda soja ya yi rawa da bokiti. Na bari ya gama, yara suka watse, sannan na faɗa masa rasuwar. Ya yi salati, ya koma ya zauna. Na ga alkawari ya ƙare tunda mai shi ya tafi, kuma ba na son Kawu ya mutu yana ɗaukar mutumin nan abin dariya. Na fara da cewa akwai abin da bai sani ba game da ranar nan.

Ya ɗaga mini hannu.

"'Yar nan, ni da na baro garin da ake tare maza a hanya a ce su cire riga, ni za ki faɗa wa ma'anarta? Na ga fuskarki. Na ga wayar." Ya gyara zama. "Kuma ƙullin da ya yi wa igiyar nan, ƙullin ɗan ga-ruwa ne. Wanda ya iya shi ba ya faɗuwa da bokiti biyu a fili."

Na tambaye shi, to don me ya yi shekara biyu yana tsokanarsa. Ya ce in da ya yi masa godiya a gaban mutane, da an gane ya yi wa ubangidansa dabara, da ya rasa aikinsa. Tsokanar ce kaɗai hanyar da zai tsaya gabansa kullum da safe ya nuna masa ga shi nan da rai, shi kuma ya sara masa. Ya ce sun fahimci juna tun ranar farko, ni ce dai suka bari a duhu don kada bakina ya ja musu.

Ya kai hannu cikin riga yana shafa kafaɗarsa, idonsa a kan hanyar da ke gangarawa rijiya.

"Shekara ashirin da biyar ina ɗaukar ruwa," ya ce, "ban taɓa jin nauyinsa irin na ranar nan ba."